Yadda Ake Saƙa Kwanon Zare Mai Siffar Faifai Mai Tashi

Duk mai riƙe kwarashi ta san halin dunƙulen zare. Kina ja yana birgima, ya faɗo daga cinya, ya shige ƙarƙashin gado, ya fito da ƙura da gashi da ɓurɓushin abin da yara suka ci. Farin zare kuwa, kafin a gama hular jariri ya koma ruwan ƙasa. Maganin wannan shi ne kwanon zare, wato mazubi mai ɗan nauyi da ake jefa dunƙulen a ciki, da tsaga a gefe inda silin zaren ke fitowa. A Turai da Amurka galibi da yumɓu ko katako ake yin sa, a yanka masa tsaga lanƙwasassa kamar ƙugiya. Na yumɓun yana da kyau, amma faɗuwa ɗaya ta ishe shi. Wanda aka saƙa da kwarashi ba ya fashewa, ana cusa shi a jaka a tafi da shi gidan biki, sai dai yana zuwa da nasa rauni guda biyu: ba shi da nauyi, ba shi da tauri. Ki ja zare da ƙarfi, kwanon ya biyo ki har cinya. Duk aikin da zan bayyana a nan, yaƙi ne da waɗannan raunin biyu.

Shi ya sa na zaɓi siffar faifai mai tashi, jirgin nan da masu labaran ƙagen kimiyya ke cewa baƙi daga wasu duniyoyi na zuwa a cikinsa. Siffar ta shahara ne daga ranar 24 ga Yuni 1947, lokacin da wani matuƙin jirgi Ba'amurke mai suna Kenneth Arnold ya ce ya ga wasu abubuwa tara suna sheƙa gudu a sama kusa da dutsen Rainier a jihar Washington. Jaridu suka ɗauki maganar, masu fim suka karɓe ta daga hannunsu. A 1951 fim ɗin The Day the Earth Stood Still ya nuna irin wannan jirgi yana sauka a tsakiyar birnin Washington, a 1956 kuma Forbidden Planet ya sa 'yan'adam da kansu a cikin faifan. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage, domin tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da littafin Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wani mai suna Kolin Koliyo ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi yawo sararin samaniya.

Akwai wasu siffofin da masu saƙa ke sha'awa. Wasu na yin dunƙulalliyar tashar yaƙin nan ta fim ɗin Star Wars na 1977, wasu shuɗin akwatin Doctor Who da aka fara nunawa a Ingila a 1963, wasu kuma jirgin Enterprise na Star Trek. Ban hana kowa ba, amma ga abin da na gani. Abu dunƙulalle son birgima yake, ga shi kuwa birgima muke gudu. Akwati mai kusurwa huɗu yana da wuyar tsayawa a saƙa, kusurwoyin sai su zube. Enterprise kuwa yana da ƙafafu da bututai a baya, duk inda abu ya turo kai zare zai sarƙe a wurin. Faifai mai tashi shi kaɗai ne adonsa ke yi masa aiki: faffaɗan fiffikensa yana hana shi kifewa, ƙubbar samansa kuma murfi ce da ke tare ƙurar hunturu.

Kayan aiki ba su da yawa, amma zaren yana son a zaɓe shi da hankali. Ki nemi zaren auduga mai matsakaicin kauri, ruwan toka ko ruwan azurfa, kamar giram 200 zuwa 250, domin ninki biyu za a riƙa saƙawa da shi. Ulun roba da ya cika kasuwa yana da araha da laushi, kuma laushin nan ne illarsa a wannan aiki, yana miƙewa, ba ya shan sitaci yadda auduga ke sha. Sai kore ko shuɗi mai haske kamar giram 50 na ƙubba, da ɗan guntun rawaya na fitilu. Kwarashi mai milimita 5. A ƙa'ida zare ninki biyu ya fi son kwarashin da ya fi wannan girma, da gangan aka rage don saƙar ta matse. Ki tanadi igiyar shanya siririya mai kaurin milimita 3 ko 4, kamar mita 7, da wayar wuta mai ƙwaya ɗaya a cikin robarta kamar mita ɗaya, da murfin tsohon bokitin roba, da manyan washa na ƙarfe biyar ko shida daga wurin masu kayan gini, da maɓalli mai faɗi guda, da ƙugiyar nan mai buɗewa da ake samu a jikin maratayin jaka. Sai basilla, almakashi, salatif, fil, da tef ɗin awo.

Saƙa iri ɗaya ce daga farko har ƙarshe, gajeriyar nan da masu sana'a ke kira singil: a soka kwarashi a ido, a jawo zare ya zama zarge biyu a kan kwarashin, a sake ɗauko zare a fitar da shi ta cikin biyun. Dabara ɗaya ce zan ƙara. Idan kin soka, maimakon ki naɗo zaren ta saman kwarashi yadda aka saba, ki kamo shi kwarashin na bisa zaren yana ƙasa. Idon zai fito a gicciye, ya fi ƙanƙanta, ya fi matsewa. Masu saƙa 'yan tsana irin na Japan suna yawan amfani da wannan don kada audugar ciki ta leƙo. Yatsa zai ji jiki a ranar farko, ki riƙa hutawa.

Da gindi ake farawa. Ki yi zoben farawa, ki saƙa ido 6 a ciki, ki ja wutsiyar zaren har ramin ya rufe. Kada ki rufe zagaye, ki ci gaba da kewayawa kawai, amma ki maƙala fil a idon farko na kowane zagaye, in ba haka ba lissafi zai ɓace miki. Zagaye na biyu ido biyu a kowane ido, 12 ke nan. Daga nan kowane zagaye ana ƙara 6: 18, 24, 30, 36, 42, 48, 54, har 60 a zagaye na goma. Idan kina yin ƙarin a wuri ɗaya kullum, ƙari bisa ƙari, abin zai fito da kusurwa shida maimakon da'ira. Saboda haka daga zagaye na biyar ki riƙa gusar da wurin ƙarin, wannan karon a farkon rukuni, na gaba a tsakiyarsa. Ki shimfiɗa a tebur ki auna. Ana son faɗin ya kai santimita 15, wanda zai ɗauki dunƙulen giram 100 ya bar masa wurin juyawa. Hannu ya bambanta, idan naki bai kai ba ki ƙara zagaye, sai ki daidaita sauran lissafin da sabon adadin. In gefen ya tashi kamar kofi, kin matse fiye da kima; in ya yi tattara, ƙari ya yi yawa.

Irin wannan da'ira guda biyu za ki yi. Ta farko ki yanke zarenta, ta biyu ki bar shi a jiki. Yanzu ki yanko da'ira daga murfin bokitin nan, ta gaza saƙar da kamar santimita ɗaya, ki goge bakinta da dutse ko takardar yashi don kada ta ci zare. Ki jera washa a kanta, ki naɗe su tam da salatif, sa'an nan ki sa duka a leda ki ɗaure, saboda tsatsa. Wasu na zuba shinkafa ko wake don nauyi. Kada ki yi, ƙwari za su same shi, ranar wanki kuma ya kumbura. Ki haɗa da'irorin biyu baya da baya, ki saƙa zagaye ɗaya kina sokawa ta cikin dukansu, idan kin ci rabi ki zura faifan robar da washarsa a tsakani, ki ƙarasa rufewa. Ki ɗaga ki ji. In bai yi miki nauyin da za ki ce kin riƙe wani abu ba, ki warware ki ƙara washa tun yanzu, don nan gaba babu hanyar komawa ciki.

Jikin kwanon ne wurin da ya fi cancantar a tsaya. Ki dubi saman kowane ido, za ki ga sili biyu kwance, na gaba da na baya. A zagayen farko na jiki ki riƙa soka na baya kaɗai. Wannan ne ke karya saƙar ta miƙe tsaye, ta bar ƙaramin layi a ƙasa mai kyan gani. Daga wannan zagaye babu ƙari, ido 60 ne har sama. A nan ne kuma igiyar shanya ke shigowa. Ki ƙona bakinta kaɗan da ashana in ta roba ce don kada ta warware, ki kwantar da ita a kan idanun da za ki bi, ki riƙa saƙa kina lulluɓe ta, kwarashi ya shiga ta ƙarƙashinta ya fito ta samanta. Wadda ta taɓa zama kusa da mai ɗinkin faifai ta ga yadda ake naɗe kaba a kan ƙullin ciyawa ana hawa da shi zagaye bisa zagaye; aikin ɗaya ne, igiyar ce ƙashin, zaren ne fata.

Abin lura shi ne jan igiyar. Bayan kowane ido goma ko sha biyu, ki ɗan ja ta a hankali har ta kwanta, sa'an nan ki miƙar da saƙar da yatsu. In kika bar ta sakaka za ta riƙa leƙowa tsakanin idanu, jikin ya buɗe kamar kwando. In kika ja da yawa, kwanon zai tsuke tun daga ƙugu, dunƙule ya ƙi shiga. Ki riƙa ajiye shi a tebur kina duban sa daga gefe, ido a daidai bakin tebur. Jiki madaidaici ake so, ba mai tumbi ba.

Zagaye na biyu, na uku da na huɗu, saƙa ce ta kullum ta cikin sili biyu. A na biyar ki koma soka na baya kaɗai, ki bar silin gaba guda 60 a waje ba a taɓa su ba. Nan fiffike zai kama, kada ki manta da su. Sai zagaye biyu na kullum, shida da bakwai.

Yanzu maganar ƙofar zare. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar rami kawai, a yi sarƙa uku a tsallake ido uku a wuce. Ina roƙon ki kada ki bi ta. Ranar da kika zura zare ta rufaffen rami kika fara riga, rigar da kwanon sun zama abu ɗaya, ba za ki raba su ba sai da almakashi. Tsaga buɗaɗɗiya ake so, wadda za a ɗaga zare a fitar ta sama. Ga yadda ake yi: a zagaye na takwas ki saƙa ido 57 ki tsaya, ki bar uku. Ki yi sarƙa ɗaya, ki juya aikin, ki lanƙwaso igiyar ta biyo ki, ki koma baya a kan 57 ɗin. Haka za ki yi ta kai da komo har layi huɗu. Fuskar saƙar za ta ɗan canza daga ta ƙasa, domin yanzu ana ganin gaba da baya bi da bi. Ba aibi ba ne, a jikin jirgi ma sai ya yi kamar ɗamarar ƙarfe. A layi na biyar ki rage ido 6 a warwatse, kina haɗa biyu su zama ɗaya, ya rage 51. Wannan 'yar tsukewar baki ita ke hana dunƙule tsalle waje idan ya ƙanƙance ya yi sauƙi. Layi na shida ki bi 51 ɗin, ki yanke igiya ki ɓoye bakinta a cikin idanun ƙarshe, ki yi sarƙa takwas ki maido ta inda ta fito ta zama maɗauki. Ki ɗinka maɓalli a ɗaya gefen tsagar. Idan an ɓalla, bakin kwano ya haɗe. Idan an buɗe, zare ya fita salin alin.

Saura abu ɗaya a ƙofar. Zare idan yana gogar zare, dukansu biyu ke cin wuya: na aiki ya yi gashi, bakin tsagar ya lalace. Don haka ki ɗinka ƙugiyar maratayin jakar nan daga ciki, daidai ƙasan tsaga, yadda zaren zai ratsa ta cikin ƙarfe mai santsi kafin ya fito. Ki shafa ta da yatsa tukuna, in akwai wurin da ke kama fata, zai kama zare.

Fiffike kuma sai an kife kwanon, gindi a sama. Dalili shi ne ana son kyakkyawar fuskar saƙa ta kalli sama idan an ajiye shi, in kika fara kwanon na zaune daidai, bayan saƙar ne zai bayyana. Ki ɗaura zare ninki biyu a ɗaya daga silin nan 60 da kika bari a zagaye na biyar na jiki. Da shimfiɗaɗɗen fiffike ake so, da 6 za a riƙa ƙarawa kamar na gindi. Amma mu muna son ya gangaro ƙasa har ya kusa taɓa tebur, saboda haka 5 za a ƙara a kowane zagaye: 65, 70, 75, a haka har 105 a zagaye na tara. Wannan ido ɗaya da aka rage shi ke sunkuyar da fiffiken. Nan ma ki riƙa gusar da wurin ƙari. A zagaye na shida, in kina so, ki sauya zuwa toka mai duhu ko baƙi, ki dawo a na bakwai, ya ba da layi a kewaye.

Zagaye na goma babu ƙari, kuma a kan waya ake yin sa. Ki lanƙwasa wayar wutar ta zama zobe daidai da bakin fiffike, wajen santimita 26 a faɗi, ki bar bakunan su hau juna da kamar santimita 5, amma kada ki ɗaure su tukuna. Ki saƙa kina lulluɓe ta yadda kika yi wa igiya. Sai kin zo kusa da ƙarshe za ki ga ainihin tsawon da ake bukata. A lokacin ki daidaita, ki naɗe mahaɗar da salatif sosai don kada tsinin ya huda zare, ki rufe. Na fi son wayar wuta a kan wayar ƙarfe domin jan ƙarfe ne a ciki, ga roba a waje, ruwa ba ya sa ta ɓata saƙa. Ki juyo kwanon ki ajiye. A nan ne zai fara kama da abin da aka nufa.

Ƙubba ba ta da wuya. Da koren zare ninki biyu ki fara kamar gindi har ido 36 a zagaye na shida. Daga nan ki riƙa yin zagaye ɗaya da ƙarin 6, na biye ba ƙari: 42, 48, 54, 60. Ki ƙare da zagaye uku ba ƙari. Ki gwada a bakin kwanon, ta hau ta rufe maɓalli, amma ta bar ƙasan tsaga a buɗe don zare ya wuce ko da murfi a rufe. Za ki iya kama ta da ɗinki uku ko huɗu a bayan kwanon, daura da tsaga, don kada ta ɓata.

Taurin ƙubba da fiffike daga sitaci ne ko gam. Sitacin rogo da aka dama da kauri yana aiki, sai dai yana fita a wanki, kyankyasai kuma suna son sa. Farin gam na kafintoci, a gauraya da ruwa daidai wa daida, ya fi daɗewa. Ki tsoma ƙubbar, ki matse ba tare da murɗawa ba, ki kifa ta a kan balan-balan da aka hura daidai girmanta ko a bayan ƙaramin kwano da aka rufe da leda, ki bar ta a inuwa har ta bushe ƙarau. Fiffike da buroshi ake shafa masa, ta ƙasa. Cikin kwanon kuwa kada gam ya taɓa shi ko kaɗan, yana bushewa da kaushi, kaushi kuma abokin gabar zare ne.

Hasali ma cikin yana son ƙarin santsi. Auduga tana riƙe dunƙule, ba ta barin sa ya juya yadda yumɓu mai ƙyalli ke bari. Ki nemi robar abinci mai zagaye da ta yi daidai da cikin, ki yanke ta ta tsaya ƙasa da tsaga, ki zura. In babu, ki yi shafi da yadi mai santsi. Hanya ta uku ita ce ki sake naɗe zaren a kan babban yatsa, ki bar wutsiyar farko a waje, yadda za a riƙa jawowa daga tsakiya, dunƙulen na zaune ba ya motsi. Ni nakan haɗa robar da wannan naɗi.

Ado shi ne na ƙarshe, kuma a nan nake ba da shawarar a kama kai. Fitilu: da rawaya sili ɗaya, ido 6 a zobe, 12 a zagaye na biyu, a yanke. Ki yi goma, ki jera su a kan fiffike da fil ki ga tazararsu ta daidaita kafin ki ɗinka. Akwai zaren da ke shan haske da rana ya yi ƙyalli a duhu, in kin samu, nan ne wurinsa. Tagogi a jikin ƙubba da baƙin zare da basilla ake zana su, 'yan da'irori ƙanana. Wasu na saƙa ɗan koren baƙo mai manyan idanu su zaunar a sama; wadda ba ta son surar abu mai rai a ɗakinta ba ta rasa komai ba, fitilu da tagogi sun isa a gane jirgin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne eriya, da duwatsun ado masu ƙafa, da duk wani abu mai tsini a ɓangaren da tsaga take. Ki bar faɗin tafin hannu a gaban ƙofa babu komai.

Kafin ki ce an gama, ki gwada shi da aiki. Ki sa cikakken dunƙule, ki ajiye kwanon a ƙasa gefen ƙafarki, ki ja zare kamu biyar da sauri. In kwanon ya matso, nauyi bai isa ba, ki ɗinka 'yan guntayen robar tsohon silifa a ƙarƙashin gindi su kama ƙasa. In zaren yana tirjewa, ki duba ƙugiya da santsin ciki. Sa'an nan ki sake gwadawa da ƙaramin dunƙule kamar ƙwan kaza, domin shi ne mai tsalle. In ya fito, ki ƙara layin ragi ɗaya a baki. Wajen tsabta, ki kaɗe ƙura da busasshen buroshi, tabo kuma ki goge da tsumma mai ɗan danshi. Idan wanki ya zama dole, ki fitar da robar ciki, ki wanke da hannu a ruwan sanyi ba tare da jiƙawa ba, ki kife shi a kan kwano ya bushe a inuwa, ki gyara zoben wayar da hannu tun yana da danshi, sa'an nan ki sabunta gam ɗin fiffike.